Nana Asma'u 'Yar Shehu da Waƙar Tabbat Haƙiƙa

A cikin waƙoƙin wa'azi da aka gada daga malaman jihadi, kaɗan ne suka shiga bakin jama'a kamar yadda Tabbat Haƙiƙa ta shiga. An rera ta a zaure, an rera ta a tsakar gida, almajirai da makafi sun yi bara da ita, kuma ba a rasa dattawan da in aka ja musu baiti guda za su karɓe su ci gaba da kansu. Idan aka tambayi yawancin waɗanda suka san ta, sai su ce ai waƙar Shehu ce. Gaskiyarsu kuwa, amma da sauran magana. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Fulatanci ya tsara ta. Wadda ake ji da Hausa aikin mutum uku ce daga gida ɗaya. Uba ya shirya, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa bayan rasuwarsa da shekara 14, sa'an nan autansa Isa, wanda bai taɓa ganin uban da idonsa ba, ya yi mata tahamisi. Wannan tarihin ita 'yar ce, wadda ta tsaya tsakanin uban da autan.

An haifi Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, watau sunan 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu. Mahaifiyarta Maimuna 'yar'uwar Shehu ce ta jini, kuma ta rasu tun Asma'u tana ƙarama ƙwarai. Saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi, musamman A'isha, wadda ake kira Iya Garka, da Hauwa'u, wadda ake kira Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello. Bello ya girme ta da shekara 12. Shaƙuwar da ke tsakaninsu ta faro tun daga wannan ƙuruciya, ba ta kuma yanke ba sai da mutuwa ta raba.

Degel ƙaramin gari ne, amma gidan da Asma'u ta buɗe ido a ciki makaranta ce tun daga zaure har ƙuryar ɗaki. Karatun mata ba baƙon abu ba ne a zuriyar. Shehu ya ɗauki maganar da zafi, har a cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara almajirai a waje suna koya musu ilmi, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Abin da ya hana wasu kuwa bai yi shi a gidansa ba. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da sufanci, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye. Yayarta Hadiza malama ce, haka ma Faɗimatu. Wani abu kuma da ta tarar a gidan shi ne waƙa. Shehu ya san makiyayi da manomi ba za su zauna su buɗe littafin Larabci ba, don haka abin da ya karantar da malamai da Larabci, sai ya zuba shi cikin baitocin Fulatanci domin sauran jama'a su haddace. Ƙanensa Abdullahi ma mawaƙi ne na gaske, shi ne ma ya yi wa Daliyya tahamisi, waƙar begen Manzon Allah wadda Shehu ya yi da Larabci tun yana saurayi. Ke nan ɗora hannu a kan waƙar ɗan'uwa daɗaɗɗiyar al'ada ce a wannan gida tun kafin a haifi Asma'u.

Tana da shekara 11 zaman Degel ya ƙare. Dangantaka ta ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, sai aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A cikin kayan da aka ɗora wa raƙuma har da littattafan Shehu. Daga nan sai shekarun yaƙi da yunwa da ƙaura. An yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, amma kafin shekarar ta fita aka yi mummunar asara a Tsuntsuwa, inda mutum wajen 2,000 suka yi shahada, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Jama'a suka gangara Zamfara, daga can suka koma Gwandu a 1805. Duk wannan yarinyar tana cikin ayari, tana gani. A Gwandu aka aurar da ita a 1807 ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, babban aminin Bello. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Bello kuma ya fara ginin Sakkwato a 1809.

To, a nan ne asalin waƙar yake. Mai karatu zai zaci cewa da aka ci Alƙalawa hankalin Shehu ya kwanta. Bai kwanta ba. Tun kafin a gama yaƙin manyan jama'a suka fara ganin abin da ba su so a cikin rundunarsu. Mutanen da suka fito da sunan gyara addini, wasunsu ido ya buɗe ga dawaki da riguna da bayi da sarauta. Abin ya dami Malam Abdullahi har ya bar rundunar a wajen 1807 ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, kafin ya komo gida. Shehu kansa ya janye daga harkar mulki ta yau da kullum, ya koma Sifawa yana karantarwa yana rubutu, ya raba kula da ƙasa tsakanin Abdullahi ta yamma da Bello ta gabas. A wannan zaman na Sifawa, a wajen 1812, ya tsara Tabbat Haƙiƙa.

Waƙar ba ta da tsawo sosai, baitocinta ba su cika hamsin ba, kuma kowane baiti da waɗannan kalmomi biyu da suka zama sunanta yake rufewa. Amma abin da ke cikinta mai nauyi ne. Ta tuna wa mai mulki cewa kiwon jama'a aka ba shi, ta tuna wa talaka haƙƙin biyayya da ke kansa, sa'an nan ta shiga lissafa masu laifi ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai ƙwace gonar mutane don yana da iko, da alƙalin da ke karkata hukunci, da mai karɓar hanci, da mai tare ƙofa ya hana wanda aka zalunta kai kukansa, da mai bautar da ɗa, da mai ɓoye ganima, da mai cutar mutane a kasuwa. Kowane an gaya masa makomarsa gobe kiyama ba tare da sakaya ba. Abin lura shi ne lokacin da aka yi ta. A 1812 babu sauran Yunfa, sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Zazzau duk sun bar gadajensu. Masu riƙe da ƙasa a ranar almajiran Shehu ne da 'yan'uwansa da 'ya'yansa da waɗanda ya ba tuta da hannunsa. Da su yake. Ba kasafai ake samun jagoran da zai ci yaƙi sa'an nan ya juyo ya yi wa nasa mutanen irin wannan faɗa ba, har ya sa shi a waƙa yadda kowane makiyayi zai iya rera shi a ƙofar hakimi.

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can ranar 20 ga Afrilu, 1817. Allah ya jiƙansa. Shekarar ta yi wa Asma'u nauyi, domin ba a daɗe ba ɗan tagwaicinta Hassan ya bi bayan mahaifinsu. A cikin wannan shekara kuma Mariya ta haifi ɗan da Shehu ya bari a ciki, aka sa masa suna Isa. Shi ne Autan Shehu. Tsakaninsa da Asma'u shekara 24, watau a haife ta haife shi.

Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Gidan Waziri ya zama mashigar baƙi da wasiƙu daga kowace kusurwa ta daula, har Baturen nan na Ingila, Kyaftin Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma komo a 1826, Giɗaɗo ne mai masaukinsa. A cikin wannan gida mai yawan hidima Asma'u ta haifi 'ya'yanta maza, ta kuma kama wani aiki wanda ba ya jawo suna, watau tattara rubuce-rubucen mahaifinta da suka sha yawo a bayan raƙuma, da tsara su, da sa a kwafe waɗanda suka tsufa. Takarda a lokacin daga hamada ake kawo ta, tana da tsada, ga gara ga damina. Wanda ya yi shekaru yana wannan aiki tilas ya san maganar marubucin ciki da waje. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci ta rubuta shi a 1820, tana da shekara 27. Bayan shekara biyu, sa'ad da abokan gaba suka yi wa Sakkwato barazana, Bello ya bar mata wasu baitoci da ya gina a kan ayar nan ta Suratu Alam Nashraha mai albishirin sauƙi bayan tsanani, ita kuma ta mayar masa da amsa da nata baitocin a kan ayar. Haka wa da ƙanwa suke magana da juna in abu ya yi tsanani.

A shekarar 1247 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1831, ta ɗauko Tabbat Haƙiƙa ta mayar da ita Hausa. Tana da shekara 38. Dalilin bai ɓuya ba ga wanda ya dubi yadda ƙasar ta zama. Jama'ar Degel 'yan kaɗan ne, galibinsu kuma suna jin Fulatanci. Daular da Bello yake riƙe da ita kuwa ta miƙe tafiyar makonni ta kowace fuska, kuma mafi yawan mutanen da ke cikinta da Hausa suke kwana suke tashi. A Sakkwato kanta da ribaɗoɗin da ke kewaye da ita an tara dubban Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa waɗanda yaƙi ya kawo. Can nesa kuma, a wurare irin kudu maso gabashin ƙasar Kano, inda Birnin Kudu da Gwaram suke, manomin da aka taɓa masa gona ba shi da hanyar zuwa Sakkwato, ba ya jin Larabci balle ya san abin da Liya'ul Hukkami ya ce. Muddin waƙar tana cikin Fulatanci, masu mulki da danginsu ne kawai suke jin gargaɗin. Da ta koma Hausa, sai wanda ake mulka shi ma ya ji abin da Shehu ya ce game da mai mulkinsa.

A nan ne ƙarfin halin Asma'u ya bayyana. Sarkin Musulmi wanta ne. Waziri mijinta ne. Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo mijin 'yar'uwarta Faɗimatu ne. Masu riƙe da ribaɗoɗi ƙannenta ne da 'ya'yan 'yan'uwanta, samarin da yawancinsu ba su san wahalar Gudu da Tsuntsuwa ba, sun tashi sun tarar da mulki a gida. Mace mai irin wannan matsayi tana da dalilai da yawa na barin tsohuwar waƙa ta kwanta a cikin gafaka. Ita kuwa ta fito da ita, ta sa ta a harshen da bawa da baiwa da ɗan kasuwa za su ji. Ba ta kuma yi da sunanta ita kaɗai ba. Ta bar maganar a matsayin ta Shehu, wanda babu mai iya ɗaga murya a kansa a cikin zuriyar. Wannan hikima ce ta 'yar gida, wadda ta san cewa faɗan da 'yar'uwa ba za ta iya yi wa sarki kai tsaye ba, uba yana iya yin sa ko daga kabari.

Fassarar waƙa kuwa ba kamar fassarar wasiƙa ba ce. Dole ma'ana ta tsaya yadda mai ita ya nufa, domin maganar shari'a ce, ba a yi mata ƙari ko ragi. Dole kuma kari ya zauna, amsa-amo ya faɗa wurinsa, in ba haka ba baki ba zai ɗauka ba. Fulatanci da Hausa kuwa ba gininsu ɗaya ba. Shaidar cewa aikin ya yi kyau ita ce, yau mutane da yawa da suka san waƙar ba su ma san cewa fassara ce ba.

Sai kuma Isa. Duk 'ya'yan Shehu suna da abin tunawa da shi, wannan ya yi karatu a gabansa, wancan ya bi shi hijira, wata ta tuna muryarsa. Isa ba shi da ko ɗaya. Abin da ya sani game da mahaifinsa daga bakin mutane ya ji shi, sai kuma abin da ya karanta a takardun da yayarsa ta adana. Da ya girma aka ba shi riƙon Kware, arewa da Sakkwato, shi ya sa ake kiransa Isan Kware. Watau shi ma ya shiga sahun waɗanda waƙar take yi wa kashedi. Kuma shi ne ya zauna ya yi mata tahamisi.

Ya kamata a ɗan yi bayanin tahamisi, domin a nan daɗin labarin yake. Baitin asali ɗango biyu gare shi. Mai tahamisi yakan kawo nasa ɗango uku ya ɗora a gaban waɗannan biyu, baiti ya zama mai ɗango biyar. Sharaɗi ne nasa ukun su bi karin mai waƙa, su ɗauki amsa-amon da ya dace da nasa, su share fage yadda in an iso ga maganar asali za a ji kamar daga baki ɗaya ta fito. Ba ya taɓa kalma ɗaya ta mai waƙa, kuma kullum mai waƙa ne ke da maganar ƙarshe. Mutum ba zai iya wannan ba sai ya zauna da kowane baiti ya gane inda mai shi ya dosa. Haka Isa ya bi waƙar tun daga farko har ƙarshe, shi ya fara, uban ya rufe da kalmomin da yayarsa ta zaɓa masa. Yaron da bai sami zama gaban mahaifinsa ko sau ɗaya ba, ga shi a baiti kusan hamsin yana magana mahaifin yana cika masa. A ƙarshen waƙar an ambaci su ukun da aikin kowannensu, Shehu da Nana da Isa, kuma haka ake rera ta.

Wannan haɗin gwiwa bai tsaya nan ba. Isa ya zama babban abokin aikin Asma'u wajen mayar da waƙoƙin gidan zuwa Hausa. Shi ne ya fassara Ma'ama'are, waƙar yabon Annabi da Shehu ya yi da Fulatanci, ya kuma fassara da dama daga cikin na ita Asma'u.

Waƙa tana bukatar masu ɗaukarta, kuma Asma'u ta samar da su. Daga wajen ƙarshen shekarun 1830 ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru. Matan aure masu ƙananan 'ya'ya ba su iya barin ƙauyukansu, don haka sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana ta naɗa su jajis, kalmar da aka aro daga jagoran ayarin fatake. Kowace jaji takan taho Sakkwato da tawagar tsofaffi da 'yan mata, a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki. Asma'u takan ɗora wa jaji malfa ta naɗa mata jan rawani a kai. Mutanen ƙasar sun san malfa a kan Innar Gobir, shugabar bori ta zamanin da, saboda haka ba wanda ya bukaci a yi masa bayanin cewa wannan mace mai iko ce, sai dai ikon ya sauya hanya. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da zare, ita kuma ta raba wa mabukata. Su koma gida da waƙoƙi a ka. Waƙoƙin Hausa su ne littattafan wannan makaranta, ana koyonsu ana kaɗi, ana bitarsu ana daka, uwa ta koya wa 'ya, kaka ta koya wa jika. Ta wannan hanya abin da ya fara a matsayin gadon gida ɗaya ya zama gadon gidaje masu yawa. Saboda wannan hidima ake kiranta Uwar Gari.

Sauran ayyukanta suna da yawa, waɗanda aka tattara sun kai wajen sittin. Ta yi waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani domin sauƙin haddacewa, da Fulatanci a 1829, da Hausa a 1838. Da Bello ya rubuta littafi a kan salihan mata, ita ta mayar da shi waƙa, wadda ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta kuma ƙara da matan da ta sani a gidansu da garinsu. Ta rubuta Tabshirul Ikhwani a kan magani da ayoyin Alƙur'ani a 1839. Amma inda zuciyarta ta fi fitowa fili shi ne marsiyyoyi. Bello ya rasu a Wurno a 1837, ta yi masa marsiyya mai taɓa zuciya, inda ta yaba masa da ilmi da adalci da tausayin talakawa, watau ma'aunin da waƙar mahaifinsu ta kafa shi ta auna shi da shi. Ta yi wa Faɗimatu, ta yi wa Giɗaɗo sa'ad da ya rasu a wajen 1850. Ba manya kaɗai ba, ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, ta yi wa wata jajinta Hauwa'u. A marsiyyoyinta ba ta cika kula da sarauta ko nasarar yaƙi ba, halin mutum take duba, ko mai haƙuri ne, ko mai sada zumunci ne, ko yana sulhunta mutane.

Ta yi tsawon rai har ta zama ita ce idon da ya ga farkon al'amari. Ta ga zamanin Bello da na Abubakar Atiku, 'yan'uwanta, ta ga na Aliyu Babba ɗan Bello, ta kuma shiga na Ahmadu ɗan Atiku. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji ubansa a wazirci, ya kuma riga ta rasuwa a 1859. Ba ta ajiye alƙalami ba har ƙarshen rayuwarta, domin Dalilin Samuwar Allah a 1861 ta yi ta, da Hausa. Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. Allah ya gafarta mata.

Bayan rasuwarta da kaɗan, a 1865, Isa ya fitar da Waƙar Gewaye da Hausa. Asalinta waƙar Asma'u ce ta Fulatanci, wadda ta yi a 1839, tana ba da labarin Shehu tun daga wa'azinsa da hijira da yaƙe-yaƙe har zamanin Bello. Abin da ta yi wa waƙar uba, shi ƙanenta ya yi wa tata. Jagorancin 'Yan Taru kuma ya koma hannun Maryamu, shaƙiƙiyar Isa, wadda ta zauna a Kano a matsayin matar Sarki Ibrahim Dabo kafin ta komo gida. A Kano da Uwar Daje aka san ta. Bayan Maryamu sai 'yarta Ta Modi, wadda zamaninta ya kai har zuwan Turawa.

Takardun kuwa a gidan Waziri suka zauna, a unguwar Giɗaɗawa. Wani ɗan Asma'u, Abdullahi Bayero, ya yi wazirci, bayansa sai jikanta Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu. Buhari ne Waziri sa'ad da sojojin Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi, shi kuwa Waziri ya zauna tare da jama'ar da ba su iya tafiya, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa da irin damuwar da ya shiga. Da gidan ya watse a wannan shekara, da wuya a ce rubutun Asma'u ya iso yau yadda ya iso. Buhari ya rasu a 1910, ya bar ɗa mai shekara huɗu, Junaidu, wanda shi ma kamar Isa, a takarda da bakin 'yan'uwa ya fi sanin mahaifinsa. Junaidu ya zama Wazirin Sakkwato a 1948, ya kuma zama babban masanin tarihin daular a zamaninsa.

A wajen tsakiyar shekarun 1970 Waziri Junaidu ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, takardun kakarsa. Ta yi shekaru tana aiki a kansu tare da malaman garin, ta fitar da tarihin Asma'u da Turanci a 1989. Daga baya ita da Beverly Mack ta Amurka suka tattara ayyukan gaba ɗaya, da asalinsu da fassararsu, aka buga a Jami'ar Jihar Michigan a 1997. Waziri Junaidu ya rasu a watan Janairu na wannan shekara, yana da shekara 90. Tabbat Haƙiƙa tana cikin littafin, da tahamisinta, da baitin da ya ambaci Shehu da Nana da Isa.